Kazar Kobon

Bakin Yaya Abduljalil ne ya ja mana. Mutumin nan in abinci ya yi masa daɗi dole sai ya yi magana, kuma tun da nake da shi bai taɓa yin wadda ta amfani kowa ba.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, mun baje a ƙasa mu uku, ni da shi da mahaifiyarmu. Na yi saliƙ, shinkafar ta narke da madara yadda ake so, ga kaza a kai ta yi jawur. Yaya ya yagi cinya, ya lumshe ido, ya ce, "Sadiyya, wallahi kin iya. Wannan ma kazar kobon ce?"

Hannun Ummi ya tsaya cak a hanyar baki.

"Kazar me?"

Na kai hannu na mintsine shi a ƙafa. Maimakon ya gane, sai ya yi ƙara. "Wayyo! Me na yi kuma? Kobon mana, Ummi. Ai duk abin da ke cikin firjin nan da kobon take sayowa. Gwana ce, ba ki ga yadda take yi da waya a kanti ba."

Ummi ta sauke hannunta. Ta mayar da lomar gefen faranti, ta ajiye ta a hankali, ta tashi ta wanke hannu har gwiwa, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Yaya ya bi ƙofar da kallo, ya dube ni, ya ce, "Ba ta da lafiya ne?" Da ba don yayana ba ne, da farantin nan na kifa masa.

Bari in gaya muku inda kalmar nan ta samo baƙin jini a gidanmu. Mu 'yan Karantina ne, wata tsohuwar unguwa a Jidda. A can aka haife ni, a can aka haifi Yaya. Ummi kuwa a goye iyayenta suka zo da ita aikin hajji, ba su koma ba. Duk wanda ya zauna a unguwar ya san ta, Hajiya Sauda mai waina. A ƙofar gida take kafa tanda, mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya ci ya tafi, ta bi shi da faɗa wai bai ƙoshi ba. Da aka rushe unguwar muka dawo Waziriyya, hawa na uku, inda ba ƙofar gida sai matakala. Ba mu daɗe da tarewa ba wasu mata daga wata ƙungiyar agaji suka ƙwanƙwasa mana, da 'yan takardu a ambulan, ɗayarsu ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto. Ummi ta tambaye su mene ne wannan. Suka ce, "Kobon ne, Khala. Ki kai kanti a ba ki shinkafa da mai. Na mabuƙata ne."

Mabuƙata! Ga matar da ta ciyar da rabin unguwa. Ta raka su har bakin matakala da ambulan ɗinsu, ta dawo tana huci, ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Wallahi tallahi, abincin kobon ba zai shiga cikina ba har in koma ga Allah."

To ni nawa kobon ɗin ba wannan ba ne, kuma ba na jin kunyarsa ko kaɗan. Lalle nake yi wa amare a wani shagon gyaran jiki, Yaya yana kai saƙon abinci da mota, hayar Waziriyya kuwa ba ta san ana tausayi ba. Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini: ki sa manhajar kanti a waya, su turo miki 'yar alama mai zane-zane, ki nuna wa mai karɓar kuɗi, na'ura ta yi ƙit, kuɗi su ragu. Ranar da na fara jin wannan ƙit ɗin, wallahi har cikin raina na ji sanyi. Daga nan na zama abin da na zama. Na san ranar da kaza ke sauka, na san ranar mai, na san kantin da ke ba da ɗaya kyauta in ka sayi biyu. Akwai kuskure, ban musa ba. Har yau muna da katan na man wanke gashi na masu jan gashi, kuma duk zuriyarmu ba mai jan gashi. Amma tukunyarmu ba ta taɓa kwana ba nama ba, kuma na yi ta yi Ummi na ci tana sa mini albarka, ba ta san komai ba.

Da la'asar na shiga ɗakinta na durƙusa.

"Ummi, wannan kobon daban, wancan daban."

"Sunansu ɗaya."

"Ai masu suna Zakiya ma sun yi yawa a Jidda, kowacce da halinta. Wannan rangwame ne na kanti. Kowa na yi, har matan da direba ke kawowa."

Ta juyo ta dube ni. "Kazar nan, an rubuta kuɗinta a jikinta?"

"An rubuta."

"Haka kika biya?"

"A'a, an rage."

"Kin taya? Kin yi ciniki? Kun ja da mai kayan?"

"Ummi, ba a ciniki a can. Na'ura ce."

"To tsaya. Ba ki taya ba, ba ki buɗe baki ba, haka kawai mutum ya dube ki ya rage miki. Don me? Don kyanki? Tausayinki ya ji, Sadiyya. Ya ga 'yar Karantina an rushe musu gida. Ni na yi shekaru ina sayarwa, na san wanda nake rage wa bai roƙa ba, na kuma san abin da nake ji a kansa lokacin da nake ragewa."

Na tashi na fito.

Yaya ya ce a bar masa, shi ya yi karatu. Ya shiga ya zauna ya gyara murya, ya ce rantsuwa ai tana da kaffara, ta ciyar da miskinai goma, halas, magana ta ƙare. Ummi ta ce, "Da wane abincin? Na firjin nan? In ba miskini sadakar da aka ba ni sadaka?" Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina bakin ƙofa ina tuna cewa akwai kobon na shinkafa babban buhu, da zai ishi mutum goman har da ragi. Yaya ya fito yana sosa ƙeya ya ce mas'alar tana buƙatar bincike.

Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Ummi ta bi kicin tana nuna kaya ɗaya-ɗaya. Man nan fa? Kobon. Gishiri? Kobon. Ganyen shayi? Na sunkuyar da kai. Da ta zo kan sabulu na ce shi ma haka, sai ta ce, "A kan abinci na rantse, ban rantse a kan wanka ba," ta ɗauke abinta.

Amma abin ya wuce wasa. Kullum da safe sai ta ɗaura abaya, ta sauka matakalar nan da gwiwoyinta masu ciwo, ta je baƙala, ɗan shagon da ke ƙasan gini, ta sayo burodi da 'yar cuku da kuɗin da ke ƙulle a bakin gyalenta. A leda take rataye su a ƙofar ɗakinta, kamar baƙuwar da ta zo haya. In na yi girki ƙamshi ya cika gida, sai ta buɗe taga ta zauna tana jan carbi. Ga ta da ciwon suga, tana shan magani ba abincin kirki. Fuskarta ta faɗa, zoben hannunta ya fara juyawa. Na je na sayo kaza da cikakken kuɗi, raina na ƙuna, na kawo mata rasit. Ta ce takarda ai ni na kawo ta, kuma man da zan soya kazar na wane ne?

Rannan ina wurin aiki maƙwabciyarmu ta kira ni, wai ta tsinci Ummi zaune a tsakiyar matakala, jiri ya ɗebe ta, ledar burodi a cinya. Na bar hannun amarya ɗaya da lalle ɗaya babu, na taho. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Na zauna a gabanta ina kuka ina faɗa a haɗe.

"Ummi, so kike ki kashe kanki a kan kaza? Me kike so in yi? Ki faɗa mini, wallahi zan yi."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ki kai ni wurin masu kayan. In gani da idona, in yi ciniki da bakina. Abin da na saya da cinikina, shi zan ci."

Na ce to. Na fito falo na dafe kai. Ciniki a babban kanti, inda ko mai karɓar kuɗin ba ta da ikon rage ƙwandala! Mai hankali zai ce in kai ta, in biya yadda aka rubuta, a wuce wurin. To ai ba za ta yarda ta biya ba tayi ba. Ban da haka ma, ranar Talata akwai kobon a wayata: wanda ya yi sayayyar riyal ɗari huɗu, a cire masa ɗari. In tsaya ina kallo ɗari guda ta wuce ni? Allah ya kiyaye.

Nan Raghad ta faɗo mini a rai. Yarinya ce da nake yi wa lalle duk salla, tana karɓar kuɗi a babban kantin da nake zuwa. Haihuwar Jidda ce, kakarta Bahausa. Tana jin Hausa in an yi a hankali, amma in ta buɗe baki sai ka riƙe ciki. Na kira ta na zayyana mata komai da Larabci. Na ce za mu zo layinta, ta juyar da allon kuɗin kada Ummi ta gani, ni zan tura wayata a ƙarƙashin kaya ta haska kobon a ɓoye. Ta ce wa Ummi ɗari huɗu, ta bar ta ta taya. In ta kawo ɗari uku, ta yarda, kuma da Hausa, don abin ya yi armashi.

"Halas, ya Sadiyya," in ji ta. "Tun ina ƙarama nake bin Sitti, kakata, kasuwa. Na san kalmar da ake faɗa."

Ban tambaye ta wace kalma ba. Ni ma ai da tawa wautar.

Ranar Talata da la'asar Yaya ya sauke mu a ƙofar kanti, na ce ya zauna a mota, bakinsa bai shiga wannan aikin ba. Ummi ta sha kwalli, ta yafa gyalenta na fita kunya. Tun a mota ta karɓi kuɗin cefanen ta ƙulle, ta kuma gargaɗe ni: "In ina ciniki ba a sa mini baki. Ko tari kika yi, na fasa."

Muna shiga ta tsaya ta dubi fitilu da layukan kaya, ta ce, "Ina mai kayan?" Na ce yana ciki, yaransa ne a waje. Ta bi tumatir ɗaya-ɗaya tana latsawa. Ta shinshina shinkafa ta cikin buhu. Ta gaida mai yankan nama, ta tambaye shi iyali, ta ce ya juya mata kazar ta ga bayanta. Ta ɗauki dabino ɗaya ta ɗanɗana ta ce na bara ne, na waiga ko wani ya gani. Ni kuwa ina biye da keken kaya, ina lissafi a waya a ɓoye, har kayan suka kai inda nake so.

Muka shiga layin Raghad. Tana ganinmu ta washe baki.

"Sannu, Khala! Ina kwana?"

Rana ta kusa faɗuwa, amma Ummi ta amsa. "Lafiya lau. 'Yar wace ce ke?"

"Ni jika na Hajiya Zakiya, Allah yirhamha."

"Allah sarki, Zakiya mai turare? Allah ya jiƙanta. To, zumunci daban. Yau ciniki ya kawo ni."

Raghad ta shiga haska kaya, ƙit, ƙit, ƙit. Da buhun shinkafa ya zo ƙarshe na tura wayata a gefensa, ta haska, ta ƙyafta mini ido. Komai ya tafi sumul. Bayanmu wani dattijo ya tsaya da gorar laban, wato nono, guda ɗaya a hannu, bayansa wata mata da keke tinjim.

"Nawa?" in ji Ummi.

"Ɗari huɗu, Khala."

Ummi ta yi salati, ta dafe ƙirji, ta ja da baya. "Ɗari huɗu? Kantin zan saya ko kayan miya? Yarinya, ki ji tsoron Allah. Na saya ɗari biyu."

"La, la, Khala. Ba zai yi ba."

Wallahi sai na ga idon Ummi ya kawo haske. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kazar ta jinjina, ta ce wannan ai da yunwa ta mutu. Ta ce tumatirin ya kwana, shinkafar kuwa sai an tsince. Ta ƙara hamsin. Raghad ta girgiza kai, har da ɗan tsaki, na ce a raina yarinyar nan ta cancanci lalle kyauta har aurenta. Dattijon laban ya fara leƙe yana cewa, "Ya jama'a, esh fi?"

"To shi ke nan," in ji Ummi. "Don darajar kakarki. Ɗari uku, ba ƙari."

Raghad ta tafa hannu, fuskarta fal murna, ta ce, "Albarka!"

 Kowane Bahaushe ya san in ka taya mai kaya ya ce albarka, to bai sayar ba ke nan, ka ƙara. Ita kuwa baiwar Allah ta ji kakarta na faɗa a kasuwa, ta ɗauka irin mabruk ɗin Larabawa ce, ciniki ya faɗa.

Ummi ta ɗaga gira. "Albarka? To. Na ƙara ashirin."

Raghad ta dube ni, ta dubi Ummi. Ta ɗauka ba a ji ta ba ne, sai ta ɗaga murya. "Albarka, Khala! Albarka!"

"Kai! Yarinyar nan da taurin kai take. Zakiya ma haka take, turarenta ba ya sauka. Ɗari uku da hamsin."

Ina bayan Ummi ina girgiza kai, ina zare ido, ina yanka wuyana da hannu. In yi magana da Hausa, Ummi ta ji. In yi da Larabci, ta fi ni iyawa. Ko tari an hana ni. Raghad ta ga ina ta alamu, ta fahimci wai so nake ta ƙara himma. Ta dafa ƙirji, ta ranƙwafo, ta ce, "Wallahil azim albarka!"

"Har da rantsuwa? Da saba'in."

"Albarka!"

"Da casa'in. Kuma ban taɓa bin kaya haka ba tun da uwata ta haife ni."

Zufa ta karyo wa Raghad. Dattijon laban ya ce, "Ya Hajja, yalla, Allah yihdiki, laban ɗina ya yi zafi!" Matar bayansa ta ciro waya, na harare ta ta mayar.

Ummi ta kwance bakin gyale, ta ciro kuɗin gaba ɗaya ta buga a kan teburin.  "Ga ɗari huɗun da kika faɗa da bakinki. Sai ki ce me kuma?"

Raghad, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ture kuɗin da hannu biyu, don na'ura ɗari uku take nema. Ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Khala... albarka."

 Ummi ta kwashe kuɗinta a hankali ta ƙulle.

"Kuɗin da kika yanka da kanki ma albarka? To ki riƙe kayanki. Allah ya kawo kasuwa."

Ta juya ta nufi ƙofa.

Na san wannan tafiyar. Tun ina riƙe da gefen zanenta nake ganinta. Ba tafiyar mai tafiya ba ce. A hankali ake yinta, ana gyara gyale, ana duban kayan wasu, kunne yana baya, don mai kaya ya ce dawo. Ba a taɓa barin Hajiya Sauda ta kai bakin layi ba a kira ta ba. Ta wuce wurin kekuna. Ta rage sauri. Ta tsaya ta gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ba wanda ya kira. Ta kai ƙofar gilashi, ƙofar ta buɗe da kanta, ta tsaya a bakin, ba ta fita ba, ba ta juyo ba. Ƙofar ta gaji ta fara rufewa, ta sake buɗewa. Daga inda nake ina hango bayanta, 'yar tsohuwa a tsaye ita kaɗai, mutane na ratsa ta hagu da dama. Tausayinta ya kama ni. Na san in ta taka waje, ta koma burodi da cuku ke nan, kuma ba zan ƙara shawo kanta ba.

Na damƙi hannun Raghad. "Kira ta! Albarka ƙi ne, ke! Ki ce na sallama!"

"Sallama? In yi mata ma'assalama? Ai tafiya za ta yi!"

"Ba bankwana ba ne! Na sallama, na sayar! Yi sauri!"

Ta ɗaga murya ta kira, amma muryar Raghad ko kyanwa ba za ta tasa ba, ga hayaniyar kanti. Sai ta waiga, ta fizgo abin maganar da suke kiran shugabansu da shi, ta danna. Ina faɗa mata a kunne tana maimaitawa, lasifikan kantin gaba ɗaya suka ɗauka, daga wurin nama har wurin sabulu:

"Hajiya Sauda! Hajiya Sauda, dawo! Na sallama! Kawo kuɗi!"

Duk kantin aka ɗaga kai ana duban rufi. Ummi ba ta juyo nan take ba, ai da sauran aji. Sai da ta ɗan ƙara taku ɗaya, ta tsaya, ta yi kamar tana shawara da zuciyarta. Sannan ta juyo, ta taho a hankali kamar amarya, mutane na ba ta hanya.

"A nawa kika sallama?"

"Ɗari uku, Khala."

"Ɗari uku." Ta dube ni ta gefen ido. "Kin gani? Sai da ta ga bayana ta sauko. Da kin faɗa tun ɗazu, yarinya, da ba mu tsayar da bawan Allah da nononsa ba."

Ta ƙirga ta miƙa, ta mayar da sauran bakin gyale. Raghad ta saki ajiyar zuciya ta fara zuba kaya a leda.

"Gyara fa?" in ji Ummi.

Raghad ta duba kayan a firgice. "Gyara? Me ya lalace?"

Na ce mata da Larabci ƙari ake nufi, ɗan abin da mai kaya ke ɗorawa bayan ciniki. Ta rasa abin yi, ta yago ledoji sababbi masu yawa ta cusa mana. Ummi ta jinjina su ta ce ba laifi. Shugabansu ya iso da sauri yana tambayar wa ya yi wani yare a lasifika. Kafin Raghad ta buɗe baki Ummi ta tare shi da Larabcinta na 'yan Karantina, ta ce, "Kai ne mai kayan? Yarinyar nan ku riƙe ta da kyau, ku ƙara mata albashi. Muddin tana nan ba za ku yi asara ba." Mutumin ya dube ta, ya ce, "Shukran, ya Hajja," ya koma inda ya fito.

A mota Yaya ya tambaya yaya aka yi, na ce ya tuƙa kawai. Ni da Ummi muna baya, ledoji a tsakaninmu. Muka hau titi, aka fara kiran magariba. Ina ta satar kallonta, ba ta taɓa komai ba.

Can ta ce, "Ke Sadiyya."

"Na'am, Ummi."

"Kayanmu na ƙarshe shinkafa ce, ta yi ƙit. Bayan ita na ji wani ƙit. Na mene ne?"

 Na dubi ƙeyar Yaya, shi ma ya ƙame a kan sitiyari.

"Tsufa na yi, ban kurumce ba," in ji ta. "Gaba in za ki tura waya, ki cire mata wannan jan gidan, daga nesa ake hango shi."

"Ummi, ki yi haƙuri. Tsoro nake ji kada ki..."

"Na yi cinikina da bakina. Na taya, an ƙi, na tafi. Abin da ke tsakaninki da na'ura, ku kuka sani."

Ta juya tana kallon gine-gine ta taga.  Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Kin ji yadda ta kira ni? Da sunana, kowa yana ji. Rabon da wani ya ce mini dawo..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta sa hannu a leda ta lalubo ayaba, ta ɓare, ta yi bismilla ta kai baki. Na juyar da fuskata don kada ta ga hawayena, ina jin tana taunawa. Ta cinye, ta ɓare ta biyu.

"Kazar nan da muka saya," in ji ta da loma a baki, "in mun isa ki ɗora. Kada ki cika mata ruwa."